Kuza Ta Ƙare, Sai Suka Koma Sassaƙa

Auta: Jama'a barkanmu da warhaka. Tun shekaranjiya bidiyon tsohon nan mai yanka zoben katako yake yawo a zaurenmu na WhatsApp. Malam, ka ce ka san garin.

Malam: Seiffen ke nan, a jihar Saksoni ta Jamus, dab da iyakar Cek. Mutanensa wajen 2,000 ne. Kuma asalinsu ba masassaƙa ba ne, mahaƙa kuza ne.

Hajiya: Kamar Jos?

Malam: Sak. Tun 1324 sunan garin ya shiga takarda. Da kuza ta ja baya sai suka rungumi itace. Wannan zoben da kuka gani, ɗanyen katako ake ɗorawa a injin juyi, a yi ta fiƙe shi. In ka kalle shi, gammo ne kawai. Sai an sa wuƙa an yanka, kamar mai shayi da burodi, kowane yanki ya faɗo doki ko saniya. Gwanin ba ya ganin dabbar yayin aiki, a kansa take.

Auta: To sojan katakon nan mai gatsine fa?

Malam: Na fasa ƙwallon 'ya'yan itace ne. Wani masassaƙin garin, Wilhelm Füchtner, shi ya soma yin irinsa wajen 1870. Sarki, soja, ɗan sanda, duk a buɗe musu baki a cusa ƙwallo.

Hajiya: Talaka ya samu mai yi masa aiki! Amma zai fasa goriba?

Malam: Hajiya, ana maganar tarihi...

Hajiya: A'a, amsa min. Goribar da ta cire wa Auta haƙori.

Auta: Kai Hajiya! Ƙwallon magarya ne, kuma dama haƙorin yana girgiɗi.

Hajiya: Goriba ce, ina wurin. Kana kuka kana neman kwalabar motar langa-langarka.

Auta: Motar da ƙaninki ya take? Har yau ba a biya ni ba.

Hajiya: Ka kai ƙara wajen sojan katakon.

Malam: To, akwai kuma ɗan mutum-mutumin da ake sa wa turare a ciki, hayaƙi ya riƙa fita ta bakinsa...

Hajiya: Kaskon turaren wuta mai gemu! Wannan kam ina so a kayan lefe.

Malam: Na so in kawo gidan tarihin kayan wasansu da cocin nan mai kusurwa 8...

Auta: Malam, caji saura kaɗan. Sai mako mai zuwa, jama'a.