Fentin bayan a-kori-kura: wanne za ka saya, a kan me za ka shafa

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. A ɗan matso, ga kujeru nan gaba babu kowa.

An ce in yi magana a kan wannan fenti mai kauri, mai kaushi, da ake yi wa bayan a-kori-kura don kada kaya su kankare ƙarfen, da yadda mutum zai zaɓi wanda zai shafa da hannunsa. Yanzu ma ba bayan motar kaɗai ake yi wa ba. Ana yi wa bamba, da matakala, da cikin madgad, da akwatin kayan aiki. Abu huɗu zan faɗa: irin fentin, abin da za a shafa shi a kai, kayan aiki, sai lafiyar mai shafawa.

Na farko, irin fentin. Wanda kamfanoni irin su Line-X da Rhino Linings suke fesawa, ku ajiye shi gefe. Inji ne yake dumama sinadarai biyu, ya haɗa su a bakin bindiga da matsi mai ƙarfi, abin ya daskare cikin daƙiƙoƙi, kaurinsa ya kai wajen milimita 3. Babu gwangwanin da zai ba ka wannan a gida, duk abin da aka zana a jikinsa. Namu iri uku ne. Akwai ƙaramin gwangwanin feshi da ake dannawa da yatsa, shi siriri yake fita, amfaninsa ƙananan abubuwa da toshe inda ya ɗan ɓare. Akwai na rola, irin Herculiner, gwangwani ɗaya da ɓarɓashin roba a ciki. Shi danshin iska ne ke daskarar da shi, shi ya sa in ka buɗe ka rage, ragowar ba ta daɗewa. Kuma sai kana juyawa a kai a kai, don ɓarɓashin ƙasa yake kwanciya. Sai mai haɗi biyu, irin Raptor na kamfanin U-POL: kwalba mai mililita 750, ka zuba mata hadina, ruwan da ke sa fentin ya daskare, mililita 250, wato uku da ɗaya, ka girgiza minti biyu. Daga nan kana da kamar awa guda kafin ya fara kamawa a cikin kwalbar, in ana zafi ma bai kai ba. Kada ka haɗa kwalba huɗu lokaci guda don kana sauri. (dariya) Na ga wani yana murmushi, ban tambaye ka komai ba, malam.

Yawancinsu dangin foliyuritan ne, sinadarin da Otto Bayer da abokan aikinsa suka samar a Jamus a 1937. Abin da za ka nema a jikin gwangwani shi ne ko yana jure rana. Akwai jinsin aromatik, akwai alifatik. Na farkon in rana ta daɗe tana dukansa sai baƙin ya koɗe, ya yi toka-toka, in ka shafa hannu ka ga gari. Na biyun yana riƙe launinsa. Saboda haka cikin madgad ko ƙarƙashin mota, inda rana ba ta leƙawa, kowanne ya yi. Bamba da bayan motar da ke kwana ta wuni a fili, nemi alifatik, ko ka yarda za ka ƙara fentin kariya a sama. In kuma launi kake so, fari ko ja, to nan babu zaɓi ma, sai alifatik.

To, na biyu. Nan ne zan zauna, ku yi haƙuri da ni.

Jama'a, mutum zai yi mako yana tambaya wane gwangwani ya fi, sannan ya yi minti ashirin yana goge ƙarfen. Ni a wurina juyawa ya kamata a yi. Fentin nan ba ya narkewa ya shiga cikin tsohon fenti. Kamawa yake yi, yana neman ƙananan tsagogi da zai maƙale. Fentin da mota ta fito da shi daga kamfani kuwa sumul yake, yana ƙyalli, babu inda za a riƙe. In ka shafa a kai haka, zai bushe, ya yi kyau, ka ɗauki hoto. Ranar da aka ja buhu ko aka tura durom, sai ya taso falle guda kamar fatar da aka feɗe.

Kuma akwai jeri, kada a tsallake. Wanki ne farko, ba samfefa ba. Ku ji wannan da kyau, wanki ne farko. In akwai giris, ko man inji, ko man ƙyalli a jikin fentin, ka sa samfefa a kai, ba cire shi ka yi ba, cusa shi ka yi cikin tsagogin da kake buɗewa. Ka wanke da sabulu, ya bushe, ka bi da sinadarin cire maiƙo. Tsumma biyu: ɗaya jiƙaƙƙe ka shafa, ɗaya busasshe ka kwashe kafin ya bushe da kansa. In ka bar shi ya bushe, maiƙon yana nan, wuri kawai ya sauya. Kuma don Allah ban da fetur, ban da man gas. Su kansu maiƙo suke bari. Gwaji mai sauƙi: yayyafa ruwa. In ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, da sauran aiki. In ya baje, ka yi.

Sannan samfefa, tsakanin lamba 80 zuwa 180, ka duba wadda masu fentin suka rubuta. Ma'aunin guda ɗaya ne: ƙyalli ya mutu. Ko'ina. Ka haska tocila daga gefe, duk inda ya yi walƙiya ka koma. Kuma ina ne ake bari? Lungu. Kwarin da ke tsakanin layukan daɓen bayan motar, kusurwa, gindin ƙugiyar ɗaure kaya, gefen ƙofar baya. Inji ba ya shiga wurin, hannu ya gaji, sai a ce ai ba a gani. To daga nan yake fara ɓarewa, ruwa ya sami ƙofa, ya bi ta ƙasa. Ƙyalli ya mutu, na sake faɗa.

Amma kada a wuce gona da iri. Wasu sai su ɗauko giranda su kwashe fentin kamfani kaf har ƙarfe ya fito fari, suna ganin sun yi aiki. A'a. Shimfiɗar farko da kamfani ke yi, tsoma bodin ake yi gaba ɗaya a kwatarniyar fenti a sa lantarki, ya shiga kowane lungu. Ba ka da abin da ya kai ta a gida. In tana nan lafiya, kashe mata ƙyalli kawai ka bar ta. Inda ƙarfe ya fito tsirara, nan ne za ka sa firaima, wato shimfiɗar farko da ke kama ƙarfe, ta ifoksi ko mai cin ƙarfe, kafin fentin kaushin.

Tsatsa kuma... Alhaji na ga kana duba agogo, yanzu zan wuce, saura kaɗan. Tsatsa ba a rufe ta. Fentin nan kauri gare shi, kuma kaurin nan da muke so shi ne yake ɓoye ɓarna. Fenti siriri in tsatsa ta taso a ƙasansa za ka ga ƙuraje da wuri. Wannan kuwa zai tsaya cak, ƙasa na ci, sai ranar da ka taka ka ji ya lotsa. Ka kankare har ƙarfe mai kyau. In ya huje, aikin mai walda ne, ba na mai fenti ba.

Sannan ka san wane irin abu ne a hannunka. Ɗauki maganaɗisu. In bai kama ba, alminiyon ne ko roba. Ford F-150, misali, tun ƙirar 2015 bodinta alminiyon ne har da bayan. Alminiyon da zarar ka goge shi yake fara yin wata siririyar fata da iska, don haka ana gogewa ana sa firaima, ba a bari sai gobe. Kuma burushin waya ko samfefar da ta ci baƙin ƙarfe kada ta taɓa shi, ɓarɓashin ƙarfen zai nutse a ciki ya jawo ci. Ƙarfe mai rufin zinki shi ma firaimarsa daban.

Roba ita ce mai taurin kai. Juya bambar, duba bayanta, za ka ga an buga haruffa, sau da yawa PP, wani lokaci PP da EPDM. Wannan roba ba ta son komai ya manne mata. Ko ka goge ta da kyau, sai ka fesa mata sinadarin sa mannewa, siriri, ka jira mintunan da aka rubuta, sannan fenti. In ka tsallake shi, da farce za a ɓare maka aikin. Ni shawarata, kowane irin abu ne, gwada a ɓoyayyen wuri tukuna. Shafa kamar tafin hannu, bar shi kwanaki, ka tsaga shi da reza gida-gida, manna salatif mai ƙarfi ka fizge. In ya biyo salatif, matsalar tana ƙasa, sayen wani gwangwani ba zai gyara ta ba.

Na nawa muke? Na uku? To bari in sa wani a tsakani, inda ba a shafawa. Salansa da duk abin da ke kusa da ita, faifan birki, fuskar da rim ke zama a kai, zaren noti, inda wayar nagatib ke kama bodi, lambar shasi, idon na'urar fakin da ke jikin bamba. Ramukan fitar ruwa na bayan motar kuma a toshe su da takarda, a buɗe bayan an gama. Abin nan in ya kama, cire shi azaba ne.

Kayan aiki da sauri. Rola mai ramuka, ba ta fentin ɗaki ba. Ko bindigar da ake ɗaura wa kwalbar da kwamfaresa, matsi wajen 40 zuwa 60 a ma'aunin PSI. Nisan hannu da matsi su ke sauya kaushin, gwada a kwali. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri. Cire salatif tun fentin bai daskare ba, in ba haka ba sai da wuƙa. Zai bushe a taɓawa cikin awa guda ko fiye, amma kada ka loda kaya sai ya yi kwana biyar zuwa bakwai.

Na'am, ɗan'uwa mai hula a can? Ɗaga murya.

(Mai tambaya: Malam, takunkumin da muke sawa na ƙura, ya isa in za a yi feshin?)

Allah ya yi maka albarka, ka tuna mini abin da ya kamata in fara da shi. Bai isa ba, ko kusa. Hadina ɗin nan akwai sinadarin aisosayanet a ciki. In ka fesa, yana tashi a iska ƙanana-ƙanana, ido ba ya gani, hanci kuma ba ya jin warinsa sai ya wuce ƙima. Abin da yake yi shi ne ya sa huhu ya ƙi shi. Mutum zai yi ta aiki lafiya, wata rana ƙirji ya riƙe, asma ta kama shi, daga nan ko kaɗan ya shaƙa sai ta tashi, kuma sau da yawa ba ta barinsa. A 2003 a jihar Mishigan ta Amurka wani ma'aikaci ya rasu da asma bayan ya fesa irin wannan fenti a cikin motar ɗaukar kaya, kuma a 2006 hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta fitar da gargaɗi na musamman a kan feshin bayan a-kori-kura. A Birtaniya, hukumar kula da lafiyar ma'aikata cewa ta yi mai fesa fenti mai haɗi biyu ya sa takunkumin da ake turo masa iska ta tiyo. To ka ga wannan ma yana cikin zaɓi. In ba ka da irin wannan takunkumi, ɗauki rola ko burushi, don ba sa watsa shi a iska kamar bindiga. Yi a fili, sa takunkumi mai matatar tururin sinadari, safar hannu ta naitiril, doguwar riga, tabarau. Yara su yi nisa. Mai asma kuwa kada ya taɓa ma.

(Mai tambaya: To in na ja tiyo daga kwamfaresata zuwa takunkumin fa?)

Kai! A'a, ɗan'uwa, kada ka yi. Iskar kwamfaresar gareji akwai tururin mai a ciki, akwai ruwa, in kuma tana zuƙo iska kusa da janareta ko salansar mota, har hayaƙin da ke kisa za ta turo maka fuska. Ta numfashi sai an bi da ita ta matatu na musamman, ana kuma gwada ta lokaci-lokaci, kuma bakin da take zuƙowa yana nesa da inda ake feshin. Shugaba ya ɗaga mini hannu. Mai tambaya a kan firaima ya same ni a waje, na zo da gutsuren bamba biyu, ɗaya da sinadarin mannewa ɗaya babu, kowa ya sa farce ya gwada.