Jawabi Ga 'Yan Kaduna Mazauna Ingila Kan 'Yan Uwanmu Masu Bambancin Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, barkanmu da wannan zama. Na kawo muku gaisuwar gida, tun daga Kawo har Kakuri.

Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, kuma maganata a yau kan mutanen da Allah ya halicci ƙwaƙwalwarsu tana aiki daban da ta yawancinmu ce. Akwai masu galahanga, wato otizim. Akwai masu ADHD, waɗanda tattara hankali wuri guda ke yi musu wuya. Akwai masu disleksiya, da haɗa baƙi ke ba su wahala duk da kaifin basirarsu. Ƙiyasin masana ya nuna kusan mutum 1 cikin 100 na da galahanga, masu ADHD kuwa sun ninka haka. A irin ajujuwanmu masu cika maƙil, da wuya ka shiga ɗaya ba ka tarar da su ba.

Kun san sunayen da muke ba su a gida. Dolo. Mai ƙashin tsiya. Wanda aljanu suka shafa. Idan abin ya yi tsanani sai a fara zargin kishiya. Daga nan sai bulala, in ba ta yi ba a nemi gidan mari. Ba mu manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu da sunan gyaran tarbiyya. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, aka rasa gane dalili, wannan hanya a buɗe take gabansa, kuma abin yana hana ni barci.

Akwai wata yarinya da na koyar. Ba ta kallon idon kowa, ba ta shiga wasan gaɗa, sai dai ta zauna gindin bango tana jera marafan lemo, ja da ja, kore da kore. Kowa yabonta yake yi. Mahaifiyarta ta ce mini, "Malama, ai ita kunya gare ta." A al'adarmu sunkuyar da kai ladabi ne, shi ya sa 'ya'ya mata irinta suke wucewa ba wanda ya lura. Amma da zarar an kaɗa ƙararrawa, ko injin niƙan bayan aji ya tashi, sai ta toshe kunnuwa tana jijjiga jiki har hawaye. Ƙarar da mu ba ma ma jin ta, a wurinta ciwo ce. Muka ɗauke ta daga bakin taga, na riƙa raɗa mata kafin a kaɗa ƙararrawa. Ko kwabo ba mu kashe ba, kafin zangon ya ƙare ta fara ɗaga hannu a darasin lissafi.

Waɗannan yara girma suke yi, kuma suna cikin ƙungiyar nan. Ɗan uwan da zai ce "sannu" ya wuce, ba ina gajiya ba yaya iyali, har aka yanke masa hukuncin girman kai. 'Yar uwar da ke sulalewa daga wurin biki da an ƙure lasifika. Wanda kullum yake makara, yake mance kuɗin wata, alhali in aiki ya taso shi ne na gaba. Kafin mu ce wulaƙanci ne, mu kyautata zato. Mu Hausawa ma'abota habaici ne da hannunka mai sanda, mai galahanga kuwa sau da yawa maganar da ka faɗa ita yake ɗauka, ba wadda ka ɓoye a ƙarƙashinta ba. Idan kana son abu a wurinsa, faɗa masa kai tsaye. Idan akwai taro, tura masa lokaci da wuri a rubuce ta WhatsApp, ka sake tuna masa ranar. Sannan ka tambaye shi abin da ke sauƙaƙa masa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku da ke nan kun samu abin da ba mu samu ba. Dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa makarantu da wuraren aiki a ƙasar nan su yi wa mai buƙata ta musamman sassaucin da ya dace. Wasunku likita ya riga ya tabbatar musu da halin da ɗansu yake ciki, amma sun ɓoye wa Hajiya a gida, don gudun surutu da tsoron kada gobe a ƙi auren ƙannensa. Na fahimci wannan tsoro. Sai dai shirunku yana cutar da ɗan ƙanwarku da ke Unguwar Sanusi yana shan duka kan abin da naku yake samun taimako a kai. Ana jin maganarku a gida fiye da tawa. Ku gaya musu abin yana da alaƙa mai ƙarfi da gado, ba sakacin uwa ba ne. Ku gaya musu ba allurar rigakafi ke kawo galahanga ba: binciken 1998 da ya yaɗa wannan zargi a nan Ingila an janye shi a 2010, aka kuma cire likitan da ya jagoranci binciken daga rajistar likitoci. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa asibiti. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, muna da likitocin yara a asibitocin Barau Dikko da Shika.

Najeriya ma tana da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, amma malamin da ba a horar da shi ba bai san me zai yi da ita ba. Don haka roƙona biyu ne, mai girma shugaba. A taron sallah mai zuwa a ware ɗaki ɗaya marar hayaniya, don iyayen da suka daina zuwa saboda kallon da ake yi wa 'ya'yansu su dawo. Sannan cikin gudummawar da kuke aikawa gida, a cire wani kaso don horar da malaman firamare da na Islamiyya, ko da na unguwa ɗaya ne a fara da shi.

Na gode. Wassalamu alaikum.