Ka koma Gusau? Canjin rumfar zaɓe za ka yi, ba sabuwar rajista ba

Saƙon nan da ke yawo a WhatsApp, wai duk wanda ya baro ƙauyensu sai ya yi sabon katin zaɓe, ƙarya ne. Wanda ya tura maka ma turo masa aka yi.

Sabuwar rajista ta ɗan ƙasa ce da ya cika shekara 18, bai kuma taɓa yi ba. Ya je ofishin hukumar zaɓe, INEC, na ƙaramar hukumarsu, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, ya jira katinsa. Shi ke nan nasa.

To kai Malam, da ka yi taka a Zurmi ko Maru tun shekarun baya, rashin tsaro ya dawo da kai Gusau, tsaya ka ji. Hukumar ba ta san ka tashi ba, amma yatsunka suna cikin kwamfutarta. Kana sake dangwalawa, za a gwada na yau da na da, a ga mutum ɗaya sau biyu, a soke sabuwar. Babu wanda zai kira ka ya faɗa maka. Sai ka je karɓar kati, a duba, a sake dubawa, babu. A rajistar da aka rufe a watan Yulin 2022, sunaye sama da miliyan 2.7 aka goge a faɗin ƙasar nan, ciki har da masu rajista biyu. Ga shan rana a layi, ga shi kuma laifi ne a doka.

Da ka shiga, ce wa jami'in: "Canjin rumfa na zo yi."  Tsohon katinka a hannu, ka faɗi unguwar da kake zaune yanzu. Idan ɓata ya yi ko ya karye, a sake buga maka za ka nema. Ni dai a ganina, da hukumar ta manna wannan bayani da Hausa a bakin ƙofa, da layin ya ragu.

Me ya sa rumfar take da muhimmanci haka? A Amurka wasu ta gidan waya suke tura ƙuri'a, wasu su kaɗa tun kafin ranar zaɓe. A nan kuwa da ƙafarka za ka je, rumfar da sunanka yake, na'urar tantance masu zaɓe, BVAS, ta duba yatsa ko fuska. Makaho yana iya zuwa da wanda ya amince da shi ya taimaka masa. Ɗan ci-rani da ke Legas, katinsa na Talata Mafara, ko dai ya canja rumfa tun ana rajista, ko ya tanadi kuɗin mota.