Yadda Ake Gano Tarihin Gida Daga Tsofaffin Wasiƙun Dangi

Assalamu alaikum, masu kallonmu. A gidaje da yawa na ƙasar Hausa akwai adaka ko akwatin ƙarfe da ba a cika buɗewa ba sai ranar rabon gado, kuma a ƙarƙashin tufafin da ke ciki akan tarar da ƙunshin takardu da aka ɗaure da zare ko aka cusa cikin gafaka. Magada sukan ware takardar gida da ta gona, su bar sauran ga gara da danshin damina. A cikin waɗannan da ake bari ne wasiƙun dangi suke, kuma a kansu bayaninmu na yau zai tsaya.

Wasiƙa ba ta zuwa sai daga wanda ya yi nisa, saboda haka ƙunshin da ke gidanku yana nuna inda mutanenku suka watsu. Akwai fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro, suka zauna a Salaga, daga baya suka gangara zangon Kumasi. Akwai maniyyatan da suka nufi Makka ta ƙasa, suka ratsa Barno da Cadi da Darfur, waɗansu suka shekara da shekaru suna aikin auduga a yankin Jazira na Sudan domin tara guzuri, waɗansu kuma ba su taɓa komowa ba. Garin Maiwurno da ke kusa da Sinnar a Sudan, mutanen da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno ne suka kafa shi bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, a yaƙin Burmi na 1903, kuma har yau zuriyarsu na can. Sai sojojin da Turawan Ingila suka kai yaƙin Bama daga 1943 zuwa 1945, da leburorin kuza na Jos, da 'yan cirani.

Idan aka warware ƙunshin, rubutun ne zai fara tsayar da mutum. Wasiƙun da suka fi daɗewa ko dai da Larabci suke ko da ajami, kuma da hannun Magaribi irin na makarantar allo aka rubuta su, inda harafin fa yake da ɗigo ɗaya a ƙasa, harafin ƙaf kuma yake da ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya saba da bugun Gabas kaɗai zai iya rikita waɗannan biyun, har ya karanta sunan mutum ba daidai ba. Don haka a nemi dattijon malami da ya taso da allo, a zauna da shi ya karanta a bayyane, a ɗauki muryarsa da waya, sannan a juya abin zuwa boko. Rubutun boko kuwa bai shiga gidajen talakawa da wuri ba. Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa ta boko a Nasarawa ta Kano a 1909, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, amma sai da Yaƙi da Jahilci ya kankama a shekarun 1950 manya da dama suka iya kama alƙalami su rubuta da kansu.

A nan ne nake so mu daɗe, domin yawancin kurakuran masu bincike daga nan suke tasowa. Sau da yawa hannun da kuke gani a takarda ba na kakanku ba ne. Shi ya faɗa, wani malami ko akawu ya rubuta, a ɗaya gefen kuma wani dabam ya karanta wa mutanen gida a zaure. Maganar da za ta bi ta kunnen mutum biyu ko uku kafin ta isa ga mai ita ba za ta ɗauki sirri ba, shi ya sa akan ga an rubuta cewa sauran magana tana bakin mai kawo takarda. Wasiƙar takan buɗe da cewa ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, da gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, ta rufe da haza wassalam, kuma mai gaggawa zai ɗauka cewa jerin gaisuwar da ke ciki ɓata takarda ne. Ni kuwa a ganina nan ne dukiyar take. Wanda yake nesa yakan gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, manya kafin ƙanana, saboda haka wannan jerin yana gaya muku waɗanda suke raye a gidan a wannan shekara da matsayin kowannensu. Idan kuka jera wasiƙa uku ko huɗu, za ku ga sunan da ya ɓace, ku ga amaryar da ta shigo, ku ga jaririn da aka fara cewa a shafa kansa.

Sai dai alkunya takan rufe sunaye. Mace ba za ta ambaci sunan mijinta ba, uba ba zai kira sunan ɗan farinsa ba, yaron da aka yi wa takwara da kakansa kuma laƙabi za a kira shi da shi. Wanda aka ce masa baba yana iya zama ƙanen uba, wanda aka ce masa ɗan'uwa yana iya zama maƙwabci da aka taso tare. Babu littafin da zai warware muku wannan, sai tsohuwar da ta zauna a gidan, wadda za ta ji laƙabin ta ce ai wane ne, ɗan wance. Wanda yake da irin wannan gwaggo ko kaka a raye, ya kai mata takardun tun yana da dama.

Batun lokaci ya fi sauƙi. Idan an rubuta shekarar Hijira, a cire kashi 3 cikin 100 nata, a ƙara 622, za a sami shekarar Miladiyya ko wadda ke dab da ita. Misali, 1364 idan aka cire mata 41 aka ƙara 622 ta zama 1945. Idan malamin ya yi amfani da ramzi, wato ya sa haruffa a madadin lambobi, a tuna cewa a lissafin Magaribi harafin shin ne yake tsayawa a matsayin dubu. Inda babu shekara sam, sai a bi alamu. Wasiƙar Najeriya da ke lissafi da fam da sule da sisi da taro ta riga ranar 1 ga Janairun 1973, lokacin da naira ta zo, ko ta biyo bayanta da kaɗan, domin bakin mutane bai saki tsohon lissafi nan take ba. Kan sarki mai hoton Sarauniya Elizabeth ba zai riga shekarar 1952 ba. Hatimin gidan waya mai ɗauke da Fort Lamy ya riga canjin sunan birnin zuwa Njamena a 1973. Idan an gaida mutane a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ana tsakanin 1926 da 1953. Ita kanta takardar, idan aka ɗaga ta ga haske aka ga alamar jinjirin wata uku, to irin wadda ake yi a arewacin Italiya ce, wadda fatake suka riƙa shigowa da ita ta Tarabulus da Masar. Wasiƙun sojojin Bama ba safai suke faɗin inda mai su yake ba, saboda hukumar soja tana tace su kafin a aiko, amma lambar sojan da ke jiki tana da amfani ƙwarai.

Wajen adanawa, kada a manna salatif a inda ta yage, kada a kai ta a liƙe da leda mai zafi, kada kuma a bi rubutun da biro don ya fito. A ɗauki hoton gaba da baya har da ambulan, a shimfiɗa kowace tsakanin fararen takardu, a ajiye nesa da bango mai yoyo. Wanda yake son ƙwararru su duba masa yana iya zuwa Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, ko sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na Jami'ar Yamai. Kuma tunda wasiƙa kan tono bashi ko saki ko rikicin gado ko asalin da ake ɓoyewa, bai dace a watsa ta a intanet ba sai an shawarci manyan gida.

Akwai kuma rabin tarihin da ba ya cikin adakarku ko kaɗan. Abin da kuke riƙe da shi saƙon wanda ya tafi ne, amsoshin da kakanninku suka mayar masa suna can inda ya zauna, wataƙila a hannun jikokinsa a Kumasi ko Njamena ko Maiwurno. Adireshin da ke bayan ambulan, da sunan mai masauki ko sarkin zango da aka ce a ba shi takardar, su ne mafarin neman su, kuma a yau hoton wasiƙa ɗaya da aka tura ta WhatsApp ga wani ɗan zango yakan isa a fara cigiya. Ga masu dangi a Sudan abin ya fi gaggawa, domin yaƙin da ya ɓarke a can a watan Afrilun 2023 ya kai har Jazira da Sinnar, ya raba iyalai masu yawa da gidajensu, kuma mai gudun tsira da ransa ba safai yake ɗaukar akwatin takardu ba.