Ba Kowane Yaron da Aka Haifa a Birtaniya Ne Ɗan Ƙasa Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamanmu, iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, barkanmu da yamma. An ce in yi magana a kan 'ya'yanmu da takardunsu, kuma zan tsaya a kan Birtaniya, tunda a nan muke zaune.

Da yawanmu mun zo da lissafin Amurka a kai. A can, tun gyara na 14 da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1868, haihuwa a ƙasar ita ke ba yaro zama ɗan ƙasa, ko da yake ana ta ja-in-ja a kai a 'yan shekarun nan. Nan ma a da haka abin yake, amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1981, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1983, ta rufe wannan ƙofa. Yanzu abin da ake dubawa shi ne matsayin iyaye a ranar da aka haifi yaron. In uwa ko uba ɗan ƙasa ne, ko yana da zaman dindindin, abin da kuke kira ILR, to yaron da aka haifa a nan ɗan Birtaniya ne kai tsaye, fasfo kawai za a nema masa. Ɗaya daga cikin iyayen ya isa. Kuma ga yaran da aka haifa daga 1 ga Yulin 2006, ana lissafa uba ko da auren a masallaci kaɗai aka ɗaura shi, muddin an tabbatar shi ne uban.

To ku lura da abin da wannan ke haifarwa a gida ɗaya. Mutum ya zo karatu, aka haifa masa 'yar fari yana kan bizar ɗalibi. Ya samu aiki, shekaru suka tafi, ya samu ILR, sannan aka haifi ƙaninta. Uwa ɗaya uba ɗaya, asibiti ɗaya, amma ƙanin ɗan ƙasa ne, yayar kuwa ba 'yar ƙasa ba ce. Doka ta ba ta haƙƙin a yi mata rajista da zarar ɗaya daga cikin iyayen ya samu zaman dindindin, da fom ɗin MN1, sai dai dole a shigar kafin ta cika 18. Wallahi abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Yarinya ta tashi a nan, ba ta san wata ƙasa ba, sai ta zo neman gurbin jami'a da bashin karatu a ce mata kawo shaida, ta koma gida ta tambayi babanta, shi ma ya ce ai shi ya ɗauka takardar haihuwa ta wadatar. Takardar haihuwa tana nuna inda aka haife ka ne da waɗanda suka haife ka, ba ta mayar da kowa ɗan ƙasa.

Iyayenmu mata, wannan gaɓar taku ce. Mun san goyon ciki, mace ta koma gaban mahaifiyarta a Kano ko Maradi ta haihu, a yi mata wankan jego yadda ya kamata. Al'ada ce mai kyau, ba na kushe ta. Amma in ILR kaɗai gare ku, ba ku zama 'yan ƙasa ba tukuna, yaron da aka haifa a waje ba ɗan Birtaniya ba ne. Sai an nema masa biza kafin ya shigo, rajistarsa kuma daga baya sai yadda ma'aikatar cikin gida ta ga dama. Ku zauna da maigida ku yi wannan shawara tun cikin yana ƙarami. In da hali, a nema wa Hajiya biza ta zo nan ta yi jegon.

Akwai wata ƙofa ga yaron da aka haifa a nan, ko da iyayensa ba su da zaman dindindin: in ya yi shekaru 10 na farkon rayuwarsa a ƙasar, yana da haƙƙin rajista. Sharaɗin shi ne kada ya wuce kwana 90 a waje a kowace shekara daga cikin goman. Mu kuwa mun saba tura yaro gida wurin kakarsa ya yi shekara, ya koyi Hausa da karatun allo. Niyyar mai kyau ce, amma tana iya karya wannan lissafi. Akan yi sassauci wani lokaci, kada dai ku dogara da shi. Sannan daga shekara 10 ana duba halin yaro, don haka ƙaramin laifin da 'yan sanda suka rubuta wa ɗan shekara 14 yana iya tsaya masa a gaba. Wannan ma dalili ne na yin abin da wuri.

Na san abin da ke ranku: kuɗi. Gaskiya ne, kuma a ganina zalunci ne. Lokacin da aka kai maganar kotu, fam 1,012 ake karɓa a kan kowane yaro, alhali aikin takardun fam 372 yake ci wa gwamnati. Kotun ƙoli ta ce a 2022 majalisa ta ba da ikon karɓar kuɗin, amma a shekarar aka buɗe hanyar neman a yafe wa iyalin da ba su da hali. Mutanenmu suna jin kunyar nema. Kada kunya ta hana ku, haƙƙin yaron ne.

Wasu kan ce ai ILR ma ta isa. Ba ta isa ba. In mutum ya yi shekara biyu a jere a waje, ILR ɗinsa ta faɗi, zama ɗan ƙasa kuwa ba ya faɗuwa don ka daɗe a gida. Ku tuna mutanen Karibiyan da ake kira zuriyar Windrush. Sun shigo suna yara, da izini, suka yi shekaru hamsin suna aiki, sai aka wayi gari ana ce musu su kawo shaida. Wasu suka rasa aiki, wasu aka tsare su, wasu aka kore su, har ministar cikin gida Amber Rudd ta yi murabus a 2018.

Masu tsoron yaro ya rasa Najeriya, ku kwantar da hankalinku. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, in ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan Najeriya ne ta haihuwa, sashe na 28 kuma bai hana irinsa riƙe fasfo biyu ba. 'Yan'uwanmu na Kamaru ne ya kamata su yi tambaya sosai, don dokarsu ba ta yarda da biyu ba.

In kun koma gida, ku ɗauko takardar haihuwar kowane yaro ku ajiye kusa da wasiƙar da ta ba ku ILR, ku gwada kwanan watan biyu. Wanda aka haifa kafin ranar, shi ne mai buƙatar rajista. Jan littafin nan na rigakafi, da wasiƙun makaranta, da tsofaffin fasfo, kada a zubar da ko ɗaya, su ne shaidar zaman yaro. Wanda lamarinsa ya cakuɗe kuma, ya je wurin lauya mai lasisi, ba mai cika fom na unguwa ba. Yanzu sai mu karɓi tambayoyi, mu fara daga ɓangaren mata.