Amsoshin Tambayoyinku: Haihuwa a ruga, asibiti da nisa

Wasiƙar farko daga wani makiyayi ce a yankin Haɗeja. Ya ce maiɗakinsa na da cikin wata takwas, tsakaninsu da asibiti tafiyar awa biyu ce a babur, kuma a haihuwar baya ta zubar da jini sosai. Me zai tanada?

Malam, Allah ya sauke ta lafiya. Tunda ta taɓa zubar da jini, a asibiti ya kamata ta haihu. Ku matso gari wajen 'yan uwa tun kafin watan ya kama. Amma naƙuda ba ta sallama, don haka a wajen awo ku tambayi ƙwayar misoprostol, maganin da ke rage zubar jini bayan haihuwa. Guda uku ake sha, kowace mikrogiram 200, da zarar jariri ya fito kuma an tabbatar babu ɗan tagwai a ciki. Kada a kuskura a ba ta kafin haihuwa wai don naƙuda ta yi sauri, mahaifa na iya fashewa. Idan ta sha ta kama rawar ɗari da ɗan zazzaɓi, aikin maganin ne, zai wuce.

Yawanci jinin na ɓallewa ne saboda mahaifa ta saki, ta ƙi tsukewa. Ungozoma ta ɗora hannu ƙasan cibiya ta yi ta murzawa har wurin ya yi tauri, a sa jariri a nono, mai jego ta yi fitsari, don cikakkiyar mara na hana mahaifa tsukewa. Kada a ja igiyar cibiya da ƙarfi. Jinin da ya kai rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda, ya wuce misali. In zani ya jiƙe sharkaf, ko ta fara jiri da gumi mai sanyi, ko mabiyiya ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba, a kama hanya, ana tafe ana murza marar. Mai mota da kuɗin mai, yau za a tanade su.

Wata baiwar Allah kuma ta tambaya ko wankan jego da kunun kanwa na da illa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta su da ciwon zuciya bayan haihuwa, saboda gishirin kanwa na tara ruwa a jiki, zafi kuma ya ƙara wa zuciya aiki. Hajiya, a yi wanka da ruwa mai ɗumi, a rage kanwar. In ƙafa ta kumbura, ga haki ko tari idan an kwanta, a garzaya asibiti.