Darasi a Kan Bindigar Gado da Haƙƙinta a Wuyan Magaji

Assalamu alaikum warahmatullahi, jama'a masu sauraronmu a cikin garin Bauchi da Alkaleri da Dass da Toro da Ningi, har zuwa 'yan'uwanmu na Gombe da wannan murya take isa gare su. Darasinmu na yau a kan bindigar gado ne, wato wadda mutum ya tarar a ɗakin mahaifinsa ko kakansa, da kuma bindigar farko da maharbi ya soma riƙewa, domin su biyun nan ne mai su ba ya yarda ya rabu da su ko da talauci ya kai masa iya wuya. Ina roƙon a fahimce ni tun daga farko. Lokacin da muke yara, idan aka ce 'yan bindiga, mutanen fada ake nufi, waɗanda suke gaban sarki ranar hawan salla suna barin wuta sama hayaƙi yana turnuƙewa, har da sarautar Sarkin Bindiga a cikinsu. Yau kuwa sunan ya koma kan masu kisa da satar mutane, abin da yake ƙona mini rai ƙwarai. Maganata da maharba ce da 'ya'yansu, da gidajen da suka gaji hidimar fada.

Ni ɗan maharbi ne. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya rasu ya bar adaka guda ɗaya, wato bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, rataye a kan turaka biyu a bangon ɗakinsa, kuma ba a yi wata uku ba wani mutum ya zo ya taya ta da kuɗin da a lokacin zai sayi tumaki biyu masu kyau. Muna bukatar kuɗin, amma na kasa buɗe baki in ce na sallama. Da na ɗauko ta don in nuna masa, sai na ga wurin da hannun Baba yake kamawa ya yi baƙi ya yi santsi saboda gumin shekaru, na ga inda icen gindinta ya taɓa tsagewa ya naɗe shi da ɗanyar fata ta bushe ta kame, na kuma ji ƙamshin albarushi da man kaɗe, wanda shi ne ƙamshin rigarsa idan ya dawo daga dawa da asuba. Sai na ba mutumin haƙuri na mayar da ita mazauninta. Na tabbata akwai masu saurarona da yawa da suka taɓa tsayawa a irin wannan matsayi, kuma ina gaya musu cewa abin da suka ji a zuciyarsu ba wauta ba ne.

Dalilin wannan ƙauna yana cikin yadda ake samun bindigar farko. A al'adar maharba yaro ba ya zuwa kasuwa ya sayo ta. Sai ya yi shekaru yana bin ubansa ko maigidansa da jakar fata da gorar ruwa, ya koyi bambanta sawun gada da na barewa, ya san ta inda iska take kaɗawa don kada naman daji ya sheƙi warinsa, ya iya yin shiru na tsawon dare ba tari ba motsi, sannan wata rana a kira shi a gaban manya, wani lokaci har da Sarkin Baka, a miƙa masa ita. Ranar nan an shaida masa hankali da riƙon amana, kuma bindigar ita ce takardar shaidarsa. Saboda haka ko daga baya ya sami mai baki biyu ta zamani, ta farkon tana nan da darajarta, wasu ma har suna suke raɗa mata. Raɗa wa makami suna kuwa tsohon abu ne, tun da kowa ya san Zulfiƙar, takobin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya samu a ganimar Badar.

Akwai kuma tarihi a jikin ƙarfen. Kalmar bindiga daga Larabci muka aro ta, haka ma albarushi. Turawa suna danganta irin wannan bindiga ta ɗuri da mutanen ƙasar Denmak, saboda 'yan kasuwarsu suna cikin waɗanda suka riƙa sauke ta a gaɓar teku ta wajen Ghana ta yau. A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burasal na ƙasar Beljiyam, suka taƙaita sayar wa mutanen yankinmu bindigogin zamani, suka bar musu irin ta ɗuri da baƙin albarushi, daga baya kuma maƙeranmu suka ƙware wajen ƙera ta da kansu. Wannan yana cikin dalilan da suka sa idan ka shiga ɗakin tsohon maharbi adaka za ka tarar, wadda wasu ke kira bindigar toka, wasu kuma harba-ka-ruga, domin idan ka harba sau ɗaya sai ka nemi wurin tsayawa ka sake ɗuri. A ƙasar Gombe ana samun gidajen da za su ce maka tasu ta ga yaƙin Bormi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada ranar 27 ga Yuli, 1903. Idan aka gaya maka haka a gidanku, ka saurara da ladabi, ka tambayi wanda ya faɗa daga bakin wa ya ji, ka riƙe silsilar, kada ka ƙara gishiri a kai.

Mu mutanen Alkaleri muna da wani dalili na daban. A 1956 aka keɓe dajin Yankari da ke yankinmu, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962, ya zama na gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Tun daga keɓewar nan farauta a cikinsa ta zama laifi, kuma a ganina daidai ne, domin ba don haka ba da jikokinmu ba za su ga giwa da idonsu ba. Amma dazuzzukan da ke wajensa noma da saran itace sun cinye su, har Baba a ƙarshen rayuwarsa ya fi shafa wa bindigarsa mai a kan fita da ita. Idan ɗan maharbi ya dubi adakar gidansu, dajin da ya tafi yake gani tare da mutumin da ya tafi.

To, yanzu ga inda darasin ya fi nauyi, kuma ina roƙon a kasa kunne sosai. Bindigar da ka gada, ka ɗauke ta a matsayin ɗurarriya har sai an tabbatar maka babu komai a cikinta. Adaka ba ta buɗewa ta baya balle ka leƙa ka gani, kuma tsofaffin maharba da yawa a ɗure suke rataye ta saboda kura ko ɓarawon dare. Albarushi idan bai sha ruwa ba yana iya yin shekaru masu yawa bai mutu ba. Ni kaina na yi shekara biyu ina sauke ta Baba ina nuna wa baƙi, yara suna kewaye da ni, kafin wani tsohon maƙeri ya karɓe ta ya juya bakinta wajen da babu kowa, ya zura sandar ɗuri a hankali har ta tsaya, ya yi alama a daidai bakin, sannan ya zaro sandar ya gwada ta a jikin bututun ta waje. Sandar ba ta kai ƙarshe ba, saura kamar faɗin yatsu huɗu. Ya dube ni ya ce, ɗana, ɗurin mahaifinka na ƙarshe yana nan a ciki. Har yau idan na tuna da yaran da suka tsaya a gabanta sai jikina ya yi sanyi, kuma laifin nawa ne, domin na ƙaunace ta ban nemi saninta ba. Wannan gwaji aikin wanda ya san sana'ar ne, haka ma cire tsohon ɗuri. Kada ka tsokale shi da ƙusa, kada ka kusantar da shi ga wuta, kada kuma ka ce bari in harba ya fita. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa.

Daga nan sai wata sha'awa da take kama kusan kowane magaji, wato ya ji ƙarar bindigar ubansa ko da sau ɗaya, musamman ranar salla ko ranar bikin ɗansa. Na san daɗin wannan ƙara, amma shawarata ita ce a haƙura. Toka da albarushi yake bari a cikin bututu tana jan laima, laima kuma tana haifar da tsatsa daga ciki inda ido ba ya gani, ta yadda ƙarfen zai yi kyau a waje alhali ya zama kamar ɓawon ƙwai a ciki. Yawancin na maƙeranmu ma daga bututun ƙarfe na wani aiki aka ƙera su. Idan irin wannan ta fashe, yatsu da idanun mai harbin take fara ɗauka. Mafi muni shi ne a kwance harsashin zamani a zuba garinsa a cikin adaka, domin ƙarfinsa ya wuce abin da aka ƙera ta ta ɗauka nesa ba kusa ba. Bindigar da ta yi wa gida hidima shekara hamsin ta cancanci hutu.

Kula da ita ba shi da wuya. Bayan an tabbatar babu ɗuri, a goge ƙarfen da tsumma mai ɗan mai kaɗan kafin damina ta sauka da kuma bayan marka, a raba ta da jikin bangon ƙasa saboda gara da danshi, a kuma nisanta ta da zafin murhu, domin ice yana tsagewa da hunturu. A ajiye ta a ɗaki mai kulle, kuma idan akwai ragowar albarushi a ƙaho ko a kwalba, kada ya kwana wuri ɗaya da ita. Abin da nake hana mutane da ƙarfi shi ne su kai ta a kankare icen a shafa fenti don ta yi sabuwa. Baƙin nan na wurin riƙo da fatar nan da aka naɗa su ne sawun mai ita, idan ka kankare su ka kankare shi.

Sai batun hukuma, wanda ƙauna ba ta ɗauke wa kowa shi. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai irin na soja da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda izininsu yana hannun shugaban ƙasa, akwai irin mai baki ɗaya da mai baki biyu na farauta, waɗanda lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sannan akwai na ɗuri, waɗanda al'amarinsu yake wajen Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali a cikin shekara biyar da suka wuce. Abin da ya fi shafarmu shi ne lasisi ba ya bin jini. Idan mai shi ya rasu, kwana 14 doka ta ba wanda kayan suke hannunsa, wato tun kafin a yi sadakar arba'in wa'adin ya wuce. Saboda haka a cikin makokin nan wani babba a gidan ya je ofishin 'yan sanda da takardun mamacin ya sanar, ya nemi a nuna masa hanyar da zai bi. Idan kuwa abin da aka tarar irin na soja ne, wannan ba abin ajiya don tunawa ba ne, a miƙa shi ga hukuma.

Na bar maganar rabon gado zuwa nan don ita ce take raba zumunci. Bindiga dukiya ce cikin abin da mamaci ya bari, kuma 'ya'ya mata da matan aure da iyaye suna da rabonsu a cikinta kamar yadda Suratun Nisa'i ta bayyana. Babban ɗa ba ya ɗauke ta don kawai shi ne namiji ko shi ne ya bi sawun sana'ar. Idan uba ya ba shi ita kyauta tun yana da rai da lafiya, ya kuma karɓa ya riƙe, ta fita daga gado. Idan wasiyya ce kawai, malamai sun ce babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a yi mata kuɗi a gaban malami da shaidu, wanda yake son ta a cire daga rabonsa ko ya biya sauran.

Haka muka yi a gidanmu, kuma a wurin zaman ne na gane ba ni kaɗai nake da ita a zuciya ba. Yayata, wadda ta girme ni da shekara tara, ta ce ta yafe mini rabonta, amma da sharaɗin in zauna in rubuta abin da za ta faɗa. Ita ce ta gaya mini cewa ba Baba ne ya fara riƙe ta ba, ta kawunsa ce, an ba shi ita shekarar da ya yi auren fari, kuma tsagewar icen ta faru ne daren da ya faɗa rami yana bin gyado. Ta gaya mini sunan da yake kiranta da shi, wanda ni ban taɓa ji ba, domin lokacin da na yi wayo ya riga ya rage fita. Na ce mata, Yaya, me ya hana ki faɗa mini tun tuni? Ta ce babu wanda ya taɓa tambayarta. Na rubuta duka a takarda biyu, da sunan maƙerin da garinsa da sunayen waɗanda suka riƙe ta bi da bi, na sa ɗaya a jakar fatar da ke rataye tare da ita, ɗayar kuma tana wurin Yaya a cikin akwatinta.

A nan za mu dakata. A darasi mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki kwari da baka da sauran kayan maharba na gado. Wassalamu alaikum warahmatullah.